An Sauke Kalangun Baba

Sabangali, Njamena

Zuwa ga ƙanwata Talatu, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kina lafiya, ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Jikata Balkisu ce ke rubuta mini, na kuma hana ta gyara mini magana.

To, albishirinki: ki ce wa Mukhtar ya ɗinko babbar riga, an sa ranar bikinsa da ɗiyata Jannatu bayan Sallah. Na san kin yi fushi da ni, har kika aiko cewa taurin kaina zai tsofar miki da ɗa. Ke kin san rantsuwar da na yi: ba za a kaɗa kalangu a gidana ba muddin ana ruwan wuta a kan yaran Gaza. Na ce a ɗaura aure shiru, Jannatu ta ce ita ɗiyar mahauta ce, ba ta fita gidan ubanta ba kalangu. Wai ni ake kira mai taurin kai!

Ke kina ƙarama lokacin yaƙin Njamena na shekarar tamanin, ni kuwa ban manta ba. A kafaɗata kika haye kogin Shari zuwa Kusiri ta Kamaru, kina kukan yunwa har muryarki ta dushe. Wata tsohuwa da ba ta jin Hausa ta ba ki kunu a ƙwarya. Ban san sunanta ba har yau. Shi ya sa da rediyo ya ce an tsagaita wuta a Gaza, na fita tsakar gida ba takalmi, na sa aka sauko da kalangun Baba daga rataye. Ashe ɓera ya cinye fatar! Matan gida suka yi ta dariya har da hawaye. Yanzu yana wurin Haladu makaɗi, yana sa masa sabuwa.

Sai dai ki shirya: san da na turke don biki na sayar, na kai kuɗin masallaci inda ake tara taimakon Falasɗinawa. Shirun bindiga ba ya cika ciki, sai an bar motocin abinci da magani sun shiga. 'Yan biki su ci akuya. Wanda ya yi gunaguni ki turo mini shi, in ba shi labarin kununki.

Ki gaida Dawuda da Na'ima da jikoki duka. Ki zo da gwiwarki haka nan, sai kin taka rawa.

Yayanki,
Ibrahima Mahauci