Farar Bas a Bakin Gadar Wudil

Asabar, 29 ga Mayu, 1999

Yau soja suka miƙa mulki. Na rufe rumfar faci tun da hantsi, muka fito da talabijin tsakar gida muka jona masa batirin mota, don an ɗauke wuta. Gidan ya cika maƙil. Fareti, jawabi, fareti. Ni dai abin da ya dame ni, bikin ya cinye mana kokawar Turawa ta yau. Maƙwabcina Zakka mai gyaran rediyo ya ce, "Maikano, ƙasa tana canza hannu, kai kana kukan ƙattai masu ɗan kamfai." Har matata Safara'u sai da ta yi dariya daga madafi.

Asabar, 5 ga Yuni

Kokawa ta dawo. Wanda nake kira Mai Jan Wando ya ɗauki kujerar ƙarfe ya kwaɗa wa ɗayan a ka, jini ya wanke masa fuska. Na miƙe tsaye da gurguwar ƙafata ina ihu a ƙara masa. Zakka ya ce duk ƙarya ce, jinin ma ruwan tumatir ne. Shekara shida muna wannan musu, kowace Asabar, shi da kujerarsa da yake shigowa da ita daga gidansu.

Ko ƙarya ce ina so. Tun da mota ta danne mini ƙafa na bar hanya, shekara takwas ke nan, babu abin da ke motsa mini jini kamar wannan.

Juma'a, 11 ga Yuni

Ranar kasuwa. Ƙanena Babba ya yi lodin shanu a kara, ya tsaya na duba masa iskar tayoyi kafin ya kama hanyar kudu. Warin kashin shanu da baƙin mai. Sai na ji kamar in haye.

Ina ɗan shekara goma sha bakwai na fara bin wannan hanya, a saman katakon mota, ƙafafuna na lilo bisa ƙahonni. Kwana uku. Zariya, Tegina, Mokwa. Gadar Jebba da na rufe ido don tsoro, ruwa ba iyaka. A Ogbomosho na fara cin amala, na yi amai, a dawowa na ci kwano biyu. Legas kuwa na ga teku na ɗanɗana, na tofar, direbobi suna ta yi mini tsiya.

Kuma a Shagamu na fara ganin talabijin a rayuwata, a rumfar wata mai tuwo, Iya Sikira. Na zagaya bayan akwatin in ga ta inda mutanen suka shiga. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ƙara mini nama. Wata huɗu na yi ina kwana a barandarta lokacin da injinmu ya buga. Yarabancin da nake ji duk a bakinta na tsinta.

Babba ya ce, "Yaya, rumfar tana nan, 'yarta ke riƙe da ita." Na ce ya gaishe ta.

Alhamis, 24 ga Yuni

Wasan kwaikwayon nan na tela mai rowa da ake yi a talabijin. Yau ya ɗinka wa kansa wando da ragowar yadin mutane, kala bakwai. Safara'u ta ƙona miya saboda shi.

Lahadi, 18 ga Yuli

Rediyo ta ce ana faɗa a Shagamu, Hausawa da 'yan gari. Babba ya tashi shekaranjiya. In lissafina daidai ne, yau yake isa.

Talata, 20 ga Yuli

Shiru. Na je tasha sau huɗu.

Alhamis, 22 ga Yuli

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Isyaku, abokin tafiyar Babba, ya iso da la'asar a bayan wata tirela cike da mata da yara da masu rauni. Kansa a naɗe da tsumma. Ya kasa kallona. Ya ce sun iske abin ya riga ya ɓaci, aka tare su a bakin gari. Shi ya faɗa daji. Babba ya tsaya buɗe wa shanu ƙofa don kada su ƙone a ciki. A nan suka same shi. Adda. Isyaku yana leƙe ta cikin ciyawa, ya ƙirga sara biyar, daga nan ya daina ƙirgawa. Aka cinna wa motar wuta.

Babu gawa. Babu abin da za mu wanke.

Na hau acaɓa zuwa ƙauyenmu Darki na gaya wa Inna. Tana tankaɗe. Ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, sannan ta ce, "Ya ci abinci kuwa kafin ya tafi?"

Juma'a, 23 ga Yuli

An yi masa salla babu shi. Kano ta kama da wuta, masu zuwa daga can suna ba da labari. Zakka ya zo gaisuwa ya zauna kusa da ni, ya daɗe. Ban so zamansa ba. Ba na son kowa ya tausasa ni.

Shanu ya tsaya buɗe wa ƙofa. Shanu!

Asabar, 24 ga Yuli

Zan rubuta yadda ya faru, sau ɗaya.

Da hantsi samari suka zo suka kwashi tsofaffin tayoyi a rumfata suka tare bakin gada. Ban hana su ba. Har ashana ni na miƙa. Suna tsayar da motoci suna leƙa fuskoki, suna sa mutane magana.

Wajen sha ɗaya wata farar bas ta taho daga hanyar Maiduguri, cike da kwandunan busasshen kifi. Direban shi kaɗai. Suka fizgo shi. Ɗan gajere ne mai tumbi, ya kusa sa'ana. Ya yi sallama, ya ce shi Musulmi ne, ya fara karanta Fatiha da harshensa mai nauyi. Wani ya bi tayoyin bas ɗin da wuƙa ɗaya bayan ɗaya. Ana ta hayaniya amma babu wanda ya fara taɓa shi.

Ni na fara.

Ban san lokacin da na tsallaka titi ba. Liba na hannuna, ƙarfen da nake ɓalle taya da shi. Aka buɗe mini hanya, ina jin ana cewa, "Ku bar shi, ƙanensa aka kashe." Mutumin ya ɗaga hannu ya kare. Na sauke. Hannun ya yi ƙara irin ta busasshen kara, ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa. Na biyu a gefen fuska. Ya zube. Jinin ba ja ba ne sosai, baƙi-baƙi ne, yana fita da kumfa, ƙasa tana shanyewa. Bai yi ihu ba. Uwarsa yake kira a hankali da Yarabanci. Duk wurin ni kaɗai na san abin da yake faɗa.

Na ɗaga na uku. Sai ga Zakka, ban san daga ina ba, ya faɗa kan mutumin ya rufe shi da jikinsa. Na tsaya da ƙarfe a sama. Wani yaro mai adda bai tsaya ba. Ya tsaga wa Zakka baya daga kafaɗa har ƙugu, rigar ta rabu biyu, na ga farin kitse kafin jini ya rufe.

'Yan sanda suka iso suna harbi sama. Kowa ya watse. Ni ko gudu ba na iyawa, na koma rumfa na zauna kan benci kamar mai jiran aiki. Babu wanda ya kalle ni. Aka jefa su biyun a bayan mota aka yi asibiti.

Safara'u ta karɓi rigata ta jiƙa a bokiti. Ba ta tambaya ba.

Lahadi, 25 ga Yuli

Ban yi nadama ba. Su sun tsaya tambayar Babba ko ya iya Fatiha?

Talata, 27 ga Yuli

An ture bas ɗin gefen hanya, daidai gaban rumfata. Kifin an sace rabi, sauran ya jiƙe da ruwan sama yana wari. Ƙudaje. Na sa an kwashe.

Laraba matar Zakka ta wuce da kwanon abinci za ta asibiti. Na gaishe ta. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta wuce.

Alhamis, 29 ga Yuli

Sadakar bakwai a Darki. Wani ɗan'uwanmu ya kama hannuna a gaban mutane ya ce ya ji labari, na fitar da gidanmu kunya. Inna tana daga ɗaki, ta aiko a kira ni. Ta ce, "Me ka yi a gada?" Na ce ba komai. Ta ce, "Miƙo hannunka." Ta riƙe ta juya shi, ta sake. Ta ce in tafi gida, hadari ya taso.

Asabar, 31 ga Yuli

An kawo wuta. Yaran unguwa sun taru, na kunna musu. Mai Jan Wando ya karya wa wani hannu, wai. Mutumin yana birgima yana ihu, can ya miƙe ya ci gaba da dambe da hannun. Hannun da ya karye ba haka yake yi ba. Na fita na bar su.

Laraba, 4 ga Agusta

An sallamo Zakka. Ɗinki talatin da ɗaya. Na shiga da yamma, yana kwance rub-da-ciki kan tabarma. Matarsa ta tashi ta fita. Na yi masa sannu, ya amsa.

Na ce, "Ka gan ni?"

Ya ce, "Na gan ka, Maikano."

"Ba ka faɗa wa 'yan sanda ba."

"Ba su tambaye ni ba." Ya gyara kwanciya yana cije leɓe. "Gadona yana kusa da na direban a asibiti. Lasisi sunansa. A Kano yake zaune, shekara ashirin. 'Ya'ya huɗu. Hannun zai haɗe. Idon hagu ya tafi."

Na ce me ya kai shi shiga, shi ba Bayarabe ba, ba Bahaushe ba. Ya ce, "Ba don shi na shiga ba. Da ka sauke na uku, da ka kashe mutum."

Na ce masa talabijin ɗina yana rawa da hoto. Ya ce in ya warke.

Juma'a, 6 ga Agusta

Motocin shanu sun fara komawa kudu. Na duba iskar guda uku. Ban ɗaga kai na kalli saman katako ba.

Ko 'yar Iya Sikira tana da rai? Ko tana cikin masu murna? Ban sani ba. Ba zan taɓa sani ba.

Litinin, 9 ga Agusta

Na sa jak na cire tayoyin bas ɗin. Ba don komai ba, ta tare mini gaban rumfa, masu kawo aiki ba sa samun wurin tsayawa. Biyu sun facu. Biyu wuƙar ta ci su da yawa, na sa wasu nawa masu ɗan dama-dama. Na wanke cikin da omo saboda warin yana hana ni cin abinci.

Laraba, 11 ga Agusta

Batirin bas ɗin ya mutu. Na kawo na gida na sa. Safara'u ta ce, "To in an ɗauke wuta fa?" Na ce a yi hira.

Asabar, 14 ga Agusta

Lasisi ya zo da safe. Hannu a cikin filasta, ido a rufe da auduga, ya rame har wandon yana zamewa. Ya zagaya motar sau biyu yana taɓa tayoyin da ƙafa. Ya tambayi mai shayi wa ya yi wannan, mai shayi ya nuna ni.

Ya tako har bakin rumfa. Ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Allah ya saka." Na ce amin, ina kallon tiyo a cikin ruwa.

Ya shiga ya zauna a gaban sitiyari. Ya tayar. Ya kai hannun dama ga giya, na hagu ba ya riƙe komai. Ya kashe. Ya zauna kawai yana kallon gada.

Na wanke hannu na je na ce ya matsa.

Shekara takwas rabona da tuƙi. Ƙafar ta yi ta zogi a kan kuloci, amma ta taka. Muka haye gada, ruwa ya cika har ya shanye gonakin bakin kogi. Gero ya yi kai, kore shar har iyakar gani. Shingen 'yan sanda biyu, duka suka ɗaga mana hannu.

Mun wuce Gano na ce, "Ni ne."

Bai juyo ba. Ta gefen da nake ba ya gani, sai ya juya kai gaba ɗaya, kuma bai juya ba.

Ya ce, "Na sani."

Na ce an kashe ƙanena a Shagamu. Ya ce Zakka ya gaya masa. Ya ce, "Allah ya jiƙansa." Na jira ya ƙara wani abu, zagi ko yafiya, ko wanne. Bai ƙara ba. Can wajen Mariri ya ce in kula da birki, yana ja hagu.

Na kai shi ƙofar gida. Rabin layin a ƙone. Wata yarinya ta fito da gudu ta ga fuskarsa ta tsaya cak. Na ajiye makulli a kan kujera na sauka, ban yi sallama ba. Shi ma bai kira ni ba.

Na dawo a motar haya, a kujerar baya, ƙafa ta kumbura. Safara'u ta dafa ruwa ta gasa mini. Tana cikin gasawa ta ce, "Ina ka je?" Na ce Kano.

Birkin ba wani abu ba ne, roba ce ta cinye. Akwai irinta a wajen Isyaku. Ran Talata dama ina da zuwa birni sayen gam ɗin faci.