Ina So In Kashe Wayar Abba Kafin Ya Yi Niyyar Umara

Assalamu alaikum Anti Sauda,

Don Allah ki karanta wasiƙata har ƙarshe, ki ba ni shawara kafin azumi ya wuce, domin ba ni da wanda zan faɗa wa. Ki yi haƙuri da rubutuna, bara na gama firamare. Jaridarku ma ba ni nake saye ba, maƙwabciyarmu ce ke samo ta a kasuwar Bab Makka da ke nan Jidda, wurin masu kawo kaya daga gida, in ta gama ta miƙo min.

Mu mutanen Kaduna ne. Abbana matuƙin jirgin sama ne, tun kafin a haife ni yake tuƙi. Kamfanin da yake wa aiki a gida ya durƙushe, ya daɗe a zaune, a cikin zaman nan ne Mama ta kwanta ciwo. Lokacin da aka ɗauke shi aiki a Jidda tana kwance, amma sai da ta sa aka ɗinka mata farin hijabi. Ta ce da shi za ta yi umara, ni kuma in riƙe mata hannu a wurin ɗawafi don kar jiri ya kayar da ita. Allah bai nufa ba. Ta rasu kafin bizarmu ta fito. Hijabin na taho da shi a ƙasan akwatina.

Yanzu daga ni sai Abba a wani gida mai ɗaki biyu a unguwar Sharafiyya, a hawa na uku. Kamfanin da ya ɗauke shi ƙarami ne, garuruwan cikin ƙasa yake zuwa, su Jizan da Abha da Tabuk. A kyaftin suka ɗauke shi. Da na ji haka na zaci shi ne babba, ashe ba haka ba ne. Ya ce min a aikin jirgi ba a duba furfura, ranar da ka shiga kamfani ake dubawa. Kowa da lambarsa, tasa kuma tana can ƙasa, kusan ita ce ta ƙarshe. Duk wata ana rabon ranakun aiki da na hutu, masu lambar sama su fara zaɓa. Su kwashe Alhamis da Juma'a, su kwashe goman ƙarshe na azumi, su kwashe Sallah. Wasunsu ma Abba ya isa ya haife su. Abin da ya rage shi ne nasa. Yakan yi dariya ya ce ai ƙanzo ne rabon wanda ya zo a makare. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Ƙanzon shi ne jiran ko-ta-kwana. Wato ba a ba shi jirgi ba, amma in wani kyaftin ya yi rashin lafiya ko wani abu ya tare shi, Abba za a kira, kuma dole ya isa filin jirgi cikin awa biyu. Saboda haka wayarsa ita ce mai gidanmu. Da ita yake shiga wanka, ya ɗora ta a kan taga. In muna cin abinci tana gefen faranti kamar ita ma an zuba mata. Jakarsa kullum tana bakin ƙofa, farar rigarsa ta aiki tana rataye a bayan ƙyaure, ni ce nake goge ta. Wani lokacin a yi kwana da kwanaki ba a kira ba, amma duk da haka ba ma zuwa ko'ina. Bakin teku da kowa ke zuwa sau ɗaya muka je, ban ko cire takalmi ba wayar ta yi ƙara.

Ba na zuwa makaranta, don iƙamata, wato takardar izinin zama, ta daɗe ba ta fito ba, Larabcina kuma na karatun allo ne kawai. In ya fita sai in kulle ƙofa in zauna bakin taga ina kallon masu shaguna. In na ji ƙarar jirgi sai in ɗaga kai, ban ma san ko nasa ba ne.

Anti, Makka fa tana nan kusa. Direbobi suna kiran Makka, Makka, kamar yadda ake kiran Zariya a tashar Kawo. Amma har yau ban ga Ka'aba ba sai a talabijin. Maƙwabciyar tamu, Hajiya Fatouma, 'yar Nijar ce mai sayar da waina, ta so ta kai ni, amma ba ta da takardu kuma akwai shingen bincike a hanya, Abba ya ce a'a. Shi kaɗai ne muharramina a ƙasar nan.

A farkon watan Sha'aban ya ce in shirya, gobe za mu Makka. Da safe na ciro hijabin Mama na sa. Ya yi min tsawo, sai da na naɗe bakin na kama da allura. Da Abba ya gan ni a ciki ya tsaya kallona, sai ya juya ya shige ɗaki. Mu 'yan Jidda daga gida muke ɗaura harami. Ya yi wanka, ya ɗaura fararen mayafansa guda biyu, ya yi nafila, saura kawai ya yi niyya. Sai wayar ta yi ƙara. Ya daɗe yana kallonta kafin ya ɗauka. Na ji yana cewa to, to, babu damuwa. Wani kyaftin ne ba shi da lafiya, ga jirgin Jizan ba mai tuƙawa.

Ya kwance haramin, ya ninke, ya sa farar rigar da na goge. Yana ɗaura igiyar takalmi ya ce Allah ya taimake shi bai riga ya yi niyya ba, domin mai harami ba ya sa ɗinkakken kaya, kuma da ya ce labbaika shi ke nan ya ɗauru, sai ya gama umarar. Ya ce in yi haƙuri, ya kira ni Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na ce ba komai. Kullum haka nake cewa, ba komai. Ban iya magana ba, Anti.

Da ya dawo daga Jizan ya zaunar da ni ya ce bayan Sallah zai mayar da ni Kaduna wurin Gwaggo Rabi'a in shiga sakandare, don ba zai yi ta kulle ni a ɗaki ba. Ya ce kuma a azumi jirage ba sa hutawa, babu ranar da zai iya bugun ƙirji ya ce tasa ce. Na ce to.

Lubabatu, 'yar Hajiya Fatouma, ita kaɗai ce ƙawata. A nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce, kuma ita za ta aika miki wasiƙar nan ta intanet. Ta ce ni miskina ce, bakina ya fi dutsen niƙa nauyi. Ta ce ai Abba da bakinsa ya ba ni dabara. In lallaɓa shi wata safiya ya yarda mu je mu dawo da wuri, in ya shiga alwala in kashe wayar in mayar da ita inda take. In ya yi niyya, khalas, magana ta ƙare, ko mai kamfanin ne ya zo da kansa ba zai iya sa masa riga ba. Ta ce yalla, ai Allah ya fi kamfani.

Ranar nan yana alwala na ɗauki wayar, har na ɗora yatsa a kan madannin, sai na mayar da ita na ajiye. Na san yana cikin lokacin gwaji, kuma kamfanin ne kafilinmu, shi ya tsaya mana muke zaune a ƙasar nan, in suka kore shi duk mun tafi. Na tuna yadda ya zama a Kaduna lokacin da ba ya aiki, ko fira ba ya yi. Amma kuma in na koma gida haka fa? Yara za su riƙa ce min Hajiya alhali ban je Makka ba, ban damu da wannan sosai ba. Abin da ba na so shi ne hijabin Mama ya koma Kaduna a ƙasan akwati kamar yadda ya zo.

Anti, in na kashe wayar na yi zunubi? Za su kore shi don kira ɗaya? Ko in haƙura in yi shiru kamar kullum? Ji nake kamar ni da Abba duk an kulle mu, sai dai shi an ba shi hular kyaftin.

Taki,
'Yar Kyaftin, Sharafiyya, Jidda

*

Wa alaikumus salam 'yata,

Allah ya jiƙan Mamanki, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Wasiƙu da yawa sun riga taki zuwa, amma a filin nan ba a bin lamba, na sa ki gaba saboda azumi ba ya jira.

Da farko, kar ki taɓa wayar nan. Na tambayi mijin ƙanwata, tsohon matuƙi ne da ya yi ritaya. Ya ce sabon kyaftin da ke lokacin gwaji, in aka neme shi ranar jiransa aka ji waya a kashe, yana iya rasa aikin, kuma labarin yakan bi mutum har kamfani na gaba. Tsoron Abbanki na gaske ne. Kin ga abin da zaman gida ya yi masa, shi kuma ya fi ki sani. Hukuncin mai harami in lalura ta same shi na bar wa malamai. Abin da na sani shi ne za ki kai shi gaban Ka'aba zuciyarsa tana filin jirgi, ke kuma taki tana kan abin da kika yi. Lubabatu tana ƙaunarki, amma ba ita za ta kalli idonsa ba in ya kunna waya a hanyar dawowa.

Ga abin da ba ki lura da shi ba. Ranakun matuƙi ba iri ɗaya ba ne. Akwai ranar jira, wadda dole waya ta kasance a kunne. Akwai ranar hutu, wadda ko na ƙarshe a lamba sai an ba shi, domin ba a yarda gajiyayye ya tuƙa jirgi ba. Mutumin da ke shiga wanka da waya ba zai ɗaura harami ranar jira ba. Ina kyautata zaton ranar nan ta Sha'aban hutunsa ce, kuma kiran roƙo ne, ba umarni ba. Ya amsa ne don sabo ne, yana tsoron a ce ba shi da haɗin kai. Ya kuma tafi don da ya waiwayo, 'yarsa ta ce ba komai.

Ban ce laifinki ba ne. Shi ne babba, ya kamata ya karanci fuskarki. Sai dai ki tuna yadda ya juya da ya ga hijabin. Shi ma matarsa ya rasa, wataƙila hanyar Makka ba tare da ita ba tana yi masa nauyi fiye da yadda zai iya faɗa. Ku biyu kuna gida ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa kuka.

Ga shawarata. Ranar da kika goge rigarsa, ki goge hijabin Mama ki rataye shi kusa da ita a bayan ƙyaure. In ya tambaya, ki faɗa masa abin da ta ce game da riƙe hannu a ɗawafi, kuma ba kya so ki bar ƙasar nan ba ki kai shi ba. Ko kuka ya zo, ki ƙarasa maganar. Sannan ki roƙe shi ya nuna miki jadawalinsa, ya nuna miki ranakun jira da na hutu. Ku zaɓi ranar hutu ɗaya, ko Talata ce, ko ba a goman ƙarshe ba. Ya sanar da ofis tun da wuri cewa ranar yana Makka. In babu wadda ta dace, matuƙa suna musanyar rana a tsakaninsu, kuma da wuya a rasa abokin aikin da ba ruwansa da azumi amma yana neman wanda zai tsaya masa lokacin Kirsimeti.

Maganar komawa Kaduna kuwa, ina bayan Abbanki. Yarinyar da ta rubuta wasiƙa irin wannan aji ya kamace ta, ba bakin taga ba. In kuma duk an yi ƙoƙari bai yiwu ba a bana, kar ki ce kin ci amanar Mama. Addu'arki tana isa gare ta daga Sharafiyya da Kaduna. Duk sabon da aka ɗauka bayan Abba, lambarsa ta ɗaga, wata rana shi ma zai zaɓi Juma'a, ke kuma za ki zo hutu.

Amma ina sa ran ba za a kai ga haka ba. Ki buɗe baki sau ɗaya, 'yata. Wayar nan za a iya kashe ta, sai dai a ranar da ta dace, kuma shi zai kashe ta da hannunsa, kina tsaye kina kallo cikin farin hijabi.

Allah ya kai ku lafiya, ya karɓa. In kin riƙe hannunsa a wurin ɗawafi, ki sa ni a addu'a.

Anti Sauda