Sorin da Za Ni Mayar Mishi

Gummi, daren Talata, ƙarshen damina

Yau katafilar masu aikin hanya ta ratsa gonar Baba, ta kwantar da dawar da ta fara fid da kai. Babbansu ko saukowa daga mota bai yi ba. Ya leƙo ta taga yac ce, "Sori, Baba."

Baba ya dube ni. "Kai da ka yi boko, mi yac ce?"

Na ce haƙuri ya ba mu da Turanci.

"To, shi za mu zuba rumbu?"

Ni nike koya wa 'yan aji uku kalmar nan. Ka taka ƙafar wani, sori. Yaro ya faɗi, sori. Ko rasuwa anka yi, sori. Amma na taɓa jin akawu ya faɗa wa mai neman aiki ita, nufinshi babu, kama gabanka.

Wannan ta akawun nike so. Gobe za su ƙarasa sauran gonar. Inna na ta roƙona in bar su da Allah. Ni dai da sassafe za ni shimfiɗa tabarma gaban katafilar in zauna. In babban nasu yac ce in tashi, in dube shi in ce, "Sori."