Ɗiyar Sarkin Rasha da Saƙon Inna

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da maiɗakinka, da ƙaramar Hadiza. Ya karatu, ya sanyin Mosko? Mu nan Illela sai godiya.

Ranar Juma'a Kawu Sani ya zo da kaset ɗin bidiyo daga Ƙonni, katun ne, wato fim ɗin zane, mai waƙe-waƙe. Labarin ɗiyar sarkin Rasha ce da ta ɓace tana ƙarama, ta dawo da girmanta, dangi suka ce ba ita ba ce. Aka tashi da gardama. Kawu ya ce waƙa ta yi yawa, Malam Isa na firamare ya ce an ɓata tarihi. Inna kuwa cewa ta yi, "Mi ya hana su yi mata tsagar gidansu? Da wa zai musa?" Muka yi ta dariya, ita ba ta yi ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan zamanka. Inna ta ce ba tsaga take so a yi wa Hadiza ba. Shekara uku ba ta san fuskar jikarta ba. Ka kawo ta tun idonta na gani.

Ƙanwarka,
Asma'u