Jirgin Da Ya Kayar Da Baba, Da Wanda Ya Kunyata Maigida

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya ɗau zafi, a kan kwale-kwale fa, ni da nake zaune a Madina inda ko kududdufi sai an yi ruwa.

Ni 'yar Yawuri ce, muna zaune a unguwar Ƙuba da maigida da yaranmu biyu. Shi mutumin Chadi ne, gyaran AC yake yi, ruwan da ya sani bai wuce na shawa ba. Mahaifina kuwa Basarke ne, a kan kogi ya yi furfura. Bana muka kawo shi da bizar ziyara, ya tsufa, ni da shi duk mun san da wuya ya sake zuwa. Abin da ke cin raina, yaran nan haihuwar nan ne, ya yi musu Hausa su amsa da Larabci, su koma kan waya. Haka zai wuni a falo kamar baƙo.

Ranar da muka je Yanbu'u bakin teku ne kawai na ga sun manne masa, yana nuna musu yadda ake gane zurfi da kalar ruwa. Shi ne na ce zan sayi ɗan ƙaramin jirgi na hannu, mu riƙa zuwa kafin bizarsa ta ƙare. Wani mai sayarwa ya nuna mana biyu, ya ce mu gwada a inda ba zurfi. Ɗaya na roba ne da ake hura wa iska, faffaɗa, zai ɗauke mu duka, a naɗe shi a sa a but ɗin mota. Ɗayan na faiba ne, siriri, sak irin namu na gida, mutum uku yake ɗauka.

To mu Sarkawan gidanmu a tsaye ake tuƙi. Baba ya shiga na robar ya miƙe da filafili yadda ya saba, ƙasan ya lotsa, sai ji kake tsundum! Mutumin da ban taɓa jin ya faɗa ruwa ba. Yara suka tuntsire da dariya, har da ɗaukar bidiyo. Da ya hau na faibar kuwa, masha Allah, ya miƙe yana yanka ruwa, yaran na ihun Jaddi, Jaddi, wato kakana da Larabci. Sai maigida ya shiga, jirgi ya ɗan karkata, bawan Allah ya rungume gefe yana salati da ƙarfi, a ruwan da bai kai cinya ba, ga abokan aikinsa biyu da muka je tare a tsaye suna kallo.

Tun daga nan gida ya ƙi daɗi. Maigida ya ce halas, wato magana ta ƙare, 'ya'yansa ba za su hau wannan siririn ba ko da rigar kariya goma, teku ba kogi ba ne, kuma a ina ma za mu ajiye shi a shiƙƙa, gidan hayarmu da ke hawa na uku. Gaskiya yana da hujja. Baba ya ce shi ba zai ƙara sa ƙafa a balan-balan ba, katifa ce ba jirgi ba. Na ce a haƙura da sayen gaba ɗaya, maigida ya ce ai ya riga ya yi wa yara alkawari. Kowa ya ce ni zan zaɓa tunda ni na tsiro da maganar, haba jama'a, daga neman zumunci?

Na san ba jirgi ne a ransu ba, kunya ce, amma ba wanda zan iya faɗa wa haka a cikinsu. Jiya Baba ya kira ni bayan la'asar, ya ce kada in ɓata da mijina saboda shi, in duba masa ko za a iya matso da ranar tikitinsa na komawa gida. Na shiga kicin na yi kukana.

In na ɗauki na roba, Baba zai zauna a kan yashi yana kallon jikokinsa daga nesa, sannan ya tafi. In na ɗauki na faiba, na taka maganar mijina a kan ran 'ya'yansa. Ku da ke da iyaye da mazaje, wanne zan saya? Kuma me zan ce wa tsohon nan gobe da safe, in ya tambaye ni maganar tikiti?