Daga Ƙasan Shafi Zuwa Sama

Litinin, 8 ga Janairu

Aji uku. Benci bai isa ba, littattafai ma haka. Ina karanta layi, suna amsawa da murya ɗaya har kwanon rufi yana rawa. Wadda ta fi kowa murya wata 'yar siririya ce a bencin gaba, 'yan ajin suna kiranta Rediyo. Ko sau ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba. Na ce a raina na samu gwana.

Laraba, 10 ga Janairu

Yatsanta ne ya dame ni. Baki ya kai tsakiyar shafi, yatsa yana can sama.

Lokacin da nake duba kurakurai a gidan jarida, in ba ma so ma'ana ta ruɗi ido, daga kalmar ƙarshe muke farawa mu yi sama, ɗaya bayan ɗaya. Na ce ta yi haka. A gaban kowa. Ta dubi kalmar, ta dube ni, ta sake dubanta. Shiru. Wani daga baya ya ce batir ya ƙare, aji ya kece da dariya.

Haddace littafin ta yi daga bango zuwa bango. Haruffan da ta sani ba su taka kara sun karya ba.

Alhamis, 18 ga Janairu

Ta koma bencin baya. Ko amshi ba ta yi.

Hedimasta ya ce ƙarshen zango zai ba kowa shafin da bai taɓa gani ba; wanda ya kasa, aji biyu. Ƙaninta yana aji biyu.

Na ba mai ɗakina labari, ina jiran ta yaba dabarar. Ta ci gaba da ninke kaya, can ta ce, "Kai da takarda ka saba. Ita takarda ba ta jin kunya."

Litinin, 22 ga Janairu

Na tara murafun kwalba, na rubuta gaɓa ɗaya a cikin kowanne: ba, ta, ga, ki, ru. Na raba ajin rukuni-rukuni a kan tabarma, kowa da kowa, don kada a ce saboda wance ne. Sai kuma ga shi kusan rabin ajin suna lalube. Amshi ya daɗe yana rufa mana asiri, ni da su.

Ita Rediyo ta juya murfinta ta ce wannan ai ba karatu ba ne, babu labari a ciki.

Laraba, 31 ga Janairu

Babu komai. Gwiwoyina dai sun san tabarma.

Talata, 6 ga Fabrairu

Ta jera *ta* da *ga*. Ta faɗe su a rarrabe, ta sake, ta ɗan hanzarta. Sai ta ɗaga kai ta kalli tagar ajin, ta daɗe tana kallo.

"Malam, duk abin da muke faɗa ɗin nan, dama yana ciki?"

Ashe a wurinta karatu shi ne ka riƙe littafi ka faɗi abin da malam ya faɗa. Ba ha'inci take yi ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata.

Juma'a, 1 ga Maris

Babanta ya zo, mai gyaran keke ne, hannu duk baƙin mai. Bayan gaisuwa ya ce shi fa bai gane ba: da yarinya tana zuba masa karatu kamar famfo, har maƙwabta yake kira su ji, yanzu sai in'ina, kamar mai ƙoƙarin tuna bashi. Me muka yi mata?

Na tambaye shi, in ya kifa keke ya juya feda, yaya ƙafar take gudu? Ya ce kamar iska. Na ce to yanzu ne muka sauke ta ƙasa.

Ya yi dariya. Ya ce zai daina kiran maƙwabta tukuna.

Alhamis, 21 ga Maris

Ofishin hedimasta. Shafin labarin wani manomi ne da jakinsa. Na tsaya bakin ƙofa, wai don kiran na gaba.

Ta fara a hankali, yatsa da baki tafiyarsu ɗaya. Ta tsaya a wata doguwar kalma har na ji fankar sama tana ƙara. Ta gutsura ta gaɓa-gaɓa, ta wuce. Da jakin ya zauna a tsakiyar kasuwa ya ƙi tashi, sai ta yi dariya, ita kaɗai, kafin ta tuna inda take.

Hedimasta ya rufe littafin ya ce ta koma ajinta, aji uku.

Ta tsallake kalma ɗaya a layin ƙarshe. Shi bai lura ba. Ni kuma ina nesa, tabarau ɗin nan ya tsufa, ba zan iya rantsuwa ba.