Ranar da Kika Faɗi Sunana a Gumel

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, na ɗauki alƙalami ne saboda wata magana da ta daɗe tana cina. Na san ba kya son doguwar magana, balle da ni. Yau dai sai haƙuri, tsufa ya buɗe mini baki.

Ni ne ɗan farinki, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Wannan yaron" nake, ko "ɗan Gwaggo", tunda Gwaggo Hansai, yayar Baba, ita ta yaye ni. In kina da magana da ni, ita kike gaya wa da ƙarfi, ina zaune a gefe kamar ba na wurin. Alkunya ce, na sani, amma wallahi ta sha ba ni haushi ina yaro.

Kin tuna lokacin da nake jami'a a Zariya, shekarar farin nan da gero ya bushe a tsaye tun daga Ɗanzomo har Maigatari? Shanun Baba suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, shi ma bai ga damina ta gaba ba. Ni kuwa ina can ana zuba mini shinkafa da kaza a faranti. Da na kai loma baki sai in tuna ku, sai ta ƙi wucewa. Na daina zuwa ɗakin cin abinci, daga baya na daina shiga aji. Sai in buɗe littafi in yini a shafi ɗaya.

Akwai wani ɗan ofis kusa da asibitin makaranta, inda wani dattijo ke sauraron ɗaliban da damuwa ta yi wa yawa. Sau uku ina isa bakin ƙofar ina juyowa. Tsorona ɗaya ne: kada labari ya iso gida a ce boko ya taɓa kan ɗanki. Da ma mutanen garinmu sun yi wannan hasashen tun ranar da na hau mota. Na ga gara in bar karatun da in jawo miki abin faɗa a bakin rijiya.

Da aka yi hutu na dawo da kayana kaf, da niyyar ba zan koma ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Kika dube ni sau ɗaya, kika kau da kai. Tuwon da kike aiko mini yana komawa yadda ya zo, kwana uku a jere, a shekarar da ko ƙanzo ba a bari a tukunya.

A rana ta huɗu kika ce za ku je Gumel dubiya, ke da Gwaggo. Kuka dawo bayan la'asar a gajiye, Gwaggo riƙe da wata takarda a ninke. Kina tankaɗe, ba ki ko ɗago ba, kika ce mata da ƙarfi yadda kika saba: "Ki gaya wa wannan yaron, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya kai takardar nan inda aka rubuta." Ashe malamin asibiti kuka je gani, kika bayyana masa halin da nake ciki, shi kuma ya rubuta zuwa ga ofishin nan da nake gudu. Ni ina ta ɓoye-ɓoye don in rufa miki asiri, ke kuma ba asirin ne ya dame ki ba.

Na koma, na ƙwanƙwasa ƙofar. Dattijon bai yi mini faɗa ba. Ya bar ni na yi magana, na yi kukan da ban yi ba ranar da labarin rasuwar Baba ya same ni. Duk Talata nake zuwa har zangon karatu ya ƙare. Abin da na riƙe daga bakinsa shi ne, yunwata ba za ta cika rumbun kowa ba. A hankali na koma cin abinci, na koma aji. Na gama, Inna, kuma Allah Ya nuna miki ranar.

Sai bayan rasuwarki Gwaggo ta ba ni sauran labarin. Ta ce malamin ya tambayi sunan da zai sa a takarda. Ta buɗe baki za ta faɗa, ai don haka kika tafi da ita, sai kika riga ta. "Sa'idu," kika ce, a gaban mutane cike da benci, har kika maimaita don kada ya yi kuskure. Gwaggo ta rantse saura kaɗan ta faɗo daga kan bencin.

Makon jiya jikata da ke jami'a ta ce mini karatu ya tsaya mata a wuya, amma tana kunyar a gan ta a ƙofar masu ba da shawara. Na ba ta labarinki. Jiya ta bugo ta ce ta je.

Inna, baƙin da ke zaune a asibitin Gumel ran nan sun ji sunana a bakinki har sau biyu, ni ban taɓa ji ba. Ba ƙorafi nake ba, kewa ce. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haɗa mu a Aljanna. In mun haɗu, ki daure ki kira ni ko sau ɗaya, zan amsa.

Naki har kullum,
wannan yaron,
Sa'idu